Fulogin Bello Yana Cikin Ƙwarya

Ranar kasuwar Sabon Birni da ta wuce ina kwance a ƙarƙashin wata akori-kura da ta ga duniya, ina kokawa da wani noti da tsatsa ta cinye wa kai, sai na ga takalma masu tsabta sun jeru kusa da kunnena. Takalma ne da ba su taɓa taka baƙin mai ba, don haka na san ba gyara ya kawo masu su ba. Na jawo jiki na fito. Samari ne, a gabansu Nasiru, ɗan Haruna direba wanda ya shugabanci kulob ɗinmu na masu mota a lokacin da hanya take hanya.

Bayan gaisuwa ya miƙo min waya. Wasu motoci ne a wani gari mai kwalta suna juyi a wuri ɗaya, taya na hayaƙi, jama'a na ihu.

"Baba Ummaru, kulob ɗinku na da muka son tadawa," in ji shi. "Abin ba wuya. Kai dai haɗa muna mashin guda mai kyau, mu ɗauki hoto nai mu watsa ga waya, mu ce duk wanda yash shiga ana sa shi ga ƙuri'a. Kahin wata ya mutu kulob ya cika."

A wannan sana'a babu maganar da ke tayar min da haushi kamar "ba wuya". Mutum zai turo motar da injinta ya buga, ya tsaya yana sakace ya ce ba wuya, ɗan noti ne. Na ce su jawo benci. Ni ban zauna ba, domin an jima rabona da zama mai daɗi. Ina tsaye ina goge sifana na ba su labarin da za ni maimaita a nan, saboda na san masu irin tunaninsu suna da yawa.

A Isa na koyi aiki, a hannun wani mutumin Maraɗi mai suna Ilya, wanda kowa ke kira Ilya Buji saboda bai taɓa yarda ya ce fulogi ba sai buji, fetur kuwa esansi. Mahaifina ya kai ni yana tsammanin nan da nan za ni zama bakanike. Damina ta zo ta wuce ban taɓa inji ba. Aikina shi ne wanke notuna a cikin tsohon gwangwani, in jera su bisa buhu yadda aka kwance su, na farko a hagu, na ƙarshe a dama. Idan guda ya faɗa rairayi ya ɓace, sai in ɗauki rariya in tankaɗe ƙasar gareji har ya fito, ko da mai mota ya yi fushi ya tafi. Kayan aikin Ilya ba su cika akwati ba: sifanu, filaya, guduma, zarto, jak mai yoyo, da wata doguwar sukudireba mai ƙotar itace da ba ya ba kowa aro.

Wata rana ya zaunar da ni, ya sa na ba hanya baya. Mota ta taso daga tasha.

"Ta wa ta?" ya tambaye ni.

Na ce ban gani ba.

"Ni ma ban gani ba. Mi ka damun ta?"

Sai ya kaɗa min tsumman mai a ƙeya. Daga ranar karatu ya soma. Ya koya min ɗora bakin sukudireba a jikin inji in manna ƙotar a kunne. Kukan bawul daban, na ringin da ya saki daban, boris mai shirin watsewa kuwa yana da wani gurnani da in ka ji shi sau ɗaya ba ka mantawa. Daga baya ya nuna min abin da ya fi wannan, wato direba ma yana da murya. Yadda mutum ke taka totur, yadda yake sassautawa, inda yake canza giya, duk nasa ne shi kaɗai. Kafin Ilya ya yaye ni, ina iya faɗin mota da mai tuƙa ta tun tana bayan gari.

Aikin farko da na yi da sunana bayan na dawo Sabon Birni, na wani ɗan kasuwar albasa ne da Fijo ɗinsa ta kafe a tsakiyar gulbi da rani. Kafin in isa ya taka totur har kuloci ya ƙone, tayoyin baya sun haƙa wa kansu rami, motar ta zauna bisa cikinta. Ƙasarmu rairayi ce, kuma rairayi ba ya son mai gaggawa. Sai ka rage iskar taya ta yi faɗi, ka haƙe gabanta da shebur, ka shimfiɗa karan gero, ka sa giya ta biyu, ka bar mota ta taka a hankali da mutane a bayanta. Mutanen su ne babban kayan aiki, kuma su ne ba a sayarwa a shagon kayan gyara. Ranar sai da muka yi ta roƙon masu wucewa, aka samu masu turi da kyar bayan an yi musu alkawarin albasa.

Daga irin wannan wahala kulob ya fito. Bayan an kai amfanin gona gida, gulbi ya janye, direbobin Isa da Sabon Birni da masu shiga Nijar sukan taru bakin ganga, wato gaɓar gulbi, suna cika baki kan wa zai ƙetare rairayi ba tare da ya kafe ba. Wasa ya zama tsere, tsere ya zama abin da gari ke jira duk shekara. Haruna ne ya ce a mai da shi kulob, domin duk ɗan kulob da ya kafe a hanya ya san yana da masu zuwa. To, amma mutane suna son kallo, ba sa son ɗaukar nauyi. Sai Haruna ya kawo shawarar a sa kyauta, a sayar da tikiti, a yi ƙuri'a ranar tsere.

A cikinmu akwai Malam Sa'idu, malamin Islamiyya daga gidan karatu, mai wata tsohuwar Fijo da yake wankewa da hannunsa kamar jaririya. Ya saurari Haruna har ya gama.

"Wagga caca ta," ya ce. "Mutum ya sa nashi don ya ci na wani, ko mi kunka kira ta, caca ta. In kunka yi haka za ni hita."

Haruna ya ce to ya kawo tasa dabarar, tun da shi ne mai littafi. Malam bai yi fushi ba. Ya ce kada a sayar da komai. Kyauta ta fito daga masu hali, aikin haɗa ta daga gare ni, shiga ƙuri'a kuwa sai wanda a cikin shekarar ya taɓa fitar da wani daga rairayi ko laka. Haka aka tsaya. Ba mu da takarda, ba mu son ta. Kowa zai kawo tsohon fuloginsa, ya yi masa shaida da zarto, a zuba cikin ƙwarya. Wanda nasa ya fito ya ci, sauran su kwashe nasu, na mai nasara ya zauna a ƙwaryar har wata shekara. Ku ga ikon Allah, tun daga lokacin mota ba ta kafewa tsakanin Gatawa da Isa sai ka ga masu igiya suna rige-rigen zuwa, har wasu na faɗa kan wa ya fara kama ta.

Ƙwaryar ta Hajo ce, wata tsohuwa mai fura a tasha, ita ce kuma ke sa hannu bayan an ɗaure mata ido da kallabinta. A shekarar farko an gama tsere, jama'a sun matsu, ga wata mota can tsakiyar gulbi tana ta haƙilo ita kaɗai. Aka ce Hajo ta sa hannu. Ta rungume ƙwarya ta ce, "Ni ba ni sa hannu akwai mutum cikin rairayi." Dole manya da yara suka koma suka turo shi. Wannan ta zama doka ta biyu, kuma ba a taɓa karya ta ba.

Kyautar da na fi tunawa a shekarun daɗi wata akori-kura ce da na haɗa daga gawarwakin motoci. Wani Alhaji ya ba da gangar jiki, wadda kaji suka daɗe suna ƙwai a mazaunin direbanta. Inji daga Isa, akwatin giya daga wata da ta faɗi a hanyar Tsamaye, ƙofofin kowace da launinta. Masu kallo suna ganin fenti ne aikin, alhali fenti na yini guda ne. Aikin yana cikin sa ƙarfen da bai taɓa sanin ɗan'uwansa ba ya zauna da shi lafiya. Na goge, na auna, na kwance, na sake ɗaurawa, har matata ta ce in kai shimfiɗata gareji. Wani mai facin taya ya ci ta, kuma da ita ya aurar da 'ya'yansa.

Bello ya shigo kulob ba shi da ko keke. Bafillace ne mai noma da kiwo a wajen Burkusuma. Wata damina motar Haruna ta nutse a laka kusa da rugarsu, ya kawo bijimansa na huɗa ya ɗaura mata igiya suka fizgo ta. Ranar tsere sai ga shi ya zo, ya ce an ce masa duk wanda ya fitar da mota yana da rabo a ƙwarya. Haruna ya ce kulob na masu inji ne, saniya ba ta da fulogi.

"Doka ta ce wanda yah hidda mutum," in ji Malam Sa'idu. "Ba ta hwaɗi da mi ba."

Na ɗauko tsohon fulogi na ba shi, ya karɓi zarto ya yi masa tsaga irin wadda ke kunnen shanunsa. Bai ci ba a shekarar, amma ƙarfe ya shiga ransa. Ya sayar da ɗan maraƙi ya sayi wani ragargajajjen mashin, kullum yana garejina yana tambaya har in gaji in kore shi, gobe ya dawo da nono a gora. A tuƙin rairayi ban ga kamarsa ba. Kafin ya faɗa gulbi yakan sassauta totur sau biyu a jere, a tausashe, kamar mai lallashin dabba, sannan ya ɗora. Ko ina bayan katanga na ji wannan sassautawar na san Bello ne.

Sai mummunar shekara ta zo. Ba ta zo rana ɗaya ba. An fara da jin an kore shanu can nesa, sai aka koma tare hanya, sai ɗaukar mutane. 'Yan bindiga suka ƙona motar Haruna da kayan mutane a ciki, Allah ya yi da sauran kwanansa ya tsira da ƙafa. Bello ma an kwashe masa rabin garke. Direbobi suka ajiye motoci, wasu suka yi Sakkwato, wasu suka ƙetara Nijar da iyalansu. Garejin da a da ba ka samun wurin taka ƙafa, sai in wuni ina gyaran injin ban-ruwa da na niƙa. 'Yan kulob suka ragu har ana iya zaunar da su bisa benci biyu.

Haruna ya ce in aka bar kulob ya mutu, ranar da hanya ta buɗe ba mai fitar da wani. Gaskiya ya faɗa. Ya ce mota ta daina amfani, a sa mashin ya zama kyautar, kuma a nuna shi ko'ina don sababbin mutane su shigo. Duk muka yarda, har da Malam. Wani ɗan kasuwa da ke shirin barin gari ya ba da sabon mashin, ni kuma na zauna a kansa da duk abin da Ilya ya zuba min a ka. Na canza haƙoran sarƙa na baya na sa manya don ya ja a rairayi. Na ƙara wa ƙafafun ƙarfi, na sa tanki babba, na ninka soson matatar iska, na ɗaga salansa sama na rage mata ciki. Wannan ragin ya sa duk lokacin da aka sassauta totur sai ya yi wani ɗan tari irin na tsoho. Yara suka sa masa suna Mai Tari.

Muka ɗaura masa ƙyalle, muka kai shi kasuwar Gatawa, muka kai shi Tsamaye da Burkusuma, da mai ganga a gaba. A kowace kasuwa sai an hau shi an shiga rairayi mai zurfi an fito, da mutum biyu a baya, don kowa ya ga abin da zai iya. Mutane kuwa suka shigo. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa su wa ke cikin taron kasuwa suna kallo tare da mu.

An yi tseren a gindin gari, gajere, kowa na waige. Hajo ta sa hannu ta ɗago fulogi mai tsagar kunnen saniya. Bello kuwa sai shafa tankin yake yi. A bayana na ji wani yana cewa, "To, an ba mutanen daji mashin." Na juya ban gane mai maganar ba, kuma ya yi sa'a.

Ba a daɗe ba aka ɗauke Malam Sa'idu a hanyar Isa, da rana tsaka, yana dawowa daga ta'aziyya. 'Yan bindigar suka kira iyalinsa da wayarsa. Kuɗin fansar da suka nema, dangi da almajiransa manya suka yi ta fama da shi, wannan ba fannina ba ne. Amma sun ƙara da sharaɗi guda. Suna son mashin ɗin kulob, Mai Tari, shi da kansa ba wani ba, kuma mutum ɗaya zai kai shi. In babu shi, babu Malam.

Aka taru a garejina. Haruna, wanda tun ƙona motarsa bai sake dariya ba, ya ce, "Wa yag gaya musu akwai shi?" Yana maganar idonsa na kan hanyar Burkusuma.

"Mu munka gaya musu," na ce. "Da ganga munka gaya musu, kasuwa bayan kasuwa."

Muna cikin haka na ji tarin daga bayan tasha. Bello ya shigo, ya kashe mashin, ya kafe shi a gabana. Ba wanda ya aika masa.

"Baba Ummaru, duba min shi da kyau, tahiya da nisa," ya ce. Sannan ya dubi Haruna. "Bayan da nij ja motakka da shanu, Malam yac ce doka ba ta hwaɗi da mi za a hidda mutum ba. To Malam ya kahe. Yau da mashin na."

Aka ce ya ba da mashin kawai, a nemi wani ya kai. Ya ce wa zai kai? Shi ke jin harshensu, shi ya san rairayin wajen, kuma mashin nasa ne. Ba kuma wanda ke son zuwa.

Haruna ya ja ni bayan gareji. Ya ce in zuba wa injin rairayi, ko in sassauta wani abu a ciki, kada mu ba ɓarayi abin da za su dawo su kashe mu da shi. Na fahimce shi, don ni ma zuciyata ta raya min haka tun kafin ya buɗe baki. Amma a nan ne wanda bai san aiki ba yake cewa ba wuya. Ɓarnar da za ta kashe inji da wuri za ta kashe shi Bello na bisa hanya, ko suna cikin gwada shi Malam na ɗaure a gindin itace. Wadda za ta jima kuwa, ranar da ta bayyana sun san rugar wanda ya kawo shi da garejin wanda ya haɗa shi. Inji ba ya riƙe sirri, duk abin da ka yi masa sai ya faɗa, kuma ba kai ke zaɓar ranar ba. Na ce wa Haruna hanya ɗaya ce, mashin ya tafi lafiya lau.

Na zubar da baƙin mai na sa sabo. Na buɗe kan inji na daidaita bawul har sai da sukudireba ta daina gaya min komai. Na wanke kafireta, na sa sabon fulogi, na ja sarƙa na shafe ta, na canza birki gaba da baya, na sa sababbin tif, na rage iska daidai rairayi. Hannuna da kansa ya ɗaure fulogi na ko-ta-kwana da ƙaramar sifana a ƙarƙashin sirdi, yadda nake yi wa duk mai tafiya nesa, sai da na gama na tuna wa za su amfana. Ban taɓa yin aiki mai kyau da baƙin ciki irin na ranar ba. Bello ya buga shi sau ɗaya ya tashi. Muka raka shi bakin ganga, ya sassauta sau biyu, mashin ya yi tarinsa, ya faɗa gulbi.

Bayan 'yan kwanaki masu lambu suka kawo Malam Sa'idu bisa amalanke da la'asar, ƙafafunsa a kumbure, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana. Shi kaɗai ne. Da ya samu ƙarfi ya aiko aka kira ni. Ya ce 'yan bindigar sun wuni suna gwada mashin, suna shiga rairayi suna fita, har baƙin man suka zuba a tafin hannu suna murzawa ko za su ji ƙasa. Da sun ji, da a nan aka gama da su biyun. Amma duk wanda ya hau a cikinsu sai ya kafe a inda Bello ya wuce kamar bisa kwalta. Sai babbansu ya ce mashin ba shi da amfani ba mai shi, Bello zai zauna ya riƙa tuƙa su. Bello ne ya ɗauko Malam har bakin gulbi, da mai bindiga a bayansu.

"Ya ba ni saƙo gare ka," in ji Malam. "Yac ce in ce ma Baba Ummaru mashin bai ba shi kunya ba."

Gari kuwa bai rasa abin faɗi ba. Wasu suka ce dama Bello na 'yan bindigar ne, ya koma gida. Malam ya tashi a masallaci da sanda a hannu ya faɗi abin da idonsa ya gani, wasu suka ji, wasu suka ƙi ji. Iyalin Bello suka kwashe sauran dabbobi suka ƙetara iyaka. Haruna ya zo garejina wata safiya ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙwaryar Hajo da ke rataye, daga baya ya koma Sakkwato.

Da kaka ina gonata ta bakin gulbi ina yankan gero, sai na ji shi can ƙetare, nesa ƙwarai. Tarin ne, ba na shakka. Na saki lauje na tsaya. Aka sassauta sau biyu, a tausashe, sannan aka ɗora. Na zauna a ƙasa na yi ta hamdala, domin Bello na da rai. Na ruga na faɗa wa Malam, ya sa aka yi addu'a. Na sake jin mashin ɗin bayan an daɗe, a wannan wuri dai. Sarƙa ta saki, bawul na ƙara, kuma hannun da ke kan totur fizga yake yi, ya faɗa rairayi ba sassautawa. Ba hannun Bello ba ne. Ko an raba shi da mashin ne, ko an kai shi wani daji, ko an raba shi da duniya, Allah kaɗai ya sani. Tun ranar ba na iya zama. Ko ina tsakiyar cin tuwo na ji mashin daga nesa sai na tsaya, kunnen da Ilya ya buɗe min ya ƙi rufuwa.

Nan na kai da labari. Nasiru ya juya wayarsa a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta, ya tura aljihu.

"To Baba, mu bar zancen kulob ke nan?"

"Kulob ku tada shi," na ce. "Mutane na kahewa har gobe. Ga igiya can, ga shebur, ku ɗauka, ba ni son ko sisi. In kuna son koyon rairayi ku zo da tuhwahin da ba ku jin tausai, za ni koya muku."

"Ƙuri'a hwa? In ba kyauta wa za ya shigo?"

Na miƙa hannu na sauko da ƙwaryar. Hajo ta bar min ita kafin ta rasu. Na girgiza ta, fulogi guda ya yi ƙara a ciki, na karkata ta don su ga tsagar kunnen saniya.

"Mai wanga shi ac cikin hanya, bai dawo ba," na ce. "Ba a sa hannu akwai mutum cikin rairayi."

Wani a cikinsu ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu, domin wani mashin ya taso daga wajen gulbi. Muka tsaya duka muna saurare har ya iso bakin ganga. Ɗan kabu-kabu ne da buhun albasa. Na mayar da ƙwaryar inda take, na ɗauki sifana na koma ƙarƙashin akori-kura.